Ubana Likita Ne

Kai ma ka gani, kada ka ce mini ba ka gani ba. An kawo maka katin sakamakon ɗanka ko na ƙanwarka, ka bi layi da ido har ka kai inda aka rubuta Faransanci, ka ga tamanin da ɗoriya, ka ce madalla, ka sa hannu, ka koma kan wayarka. Ba ka taɓa tsayar da yaron ka ce ya faɗi abin da ya iya ba. In ma ya faɗa, ba ka tambaye shi ma'anarsa ba. Na san haka domin ni ma abin da na yi ke nan har shekara uku, kuma ni ba ni da uzurin da kake da shi, don na yi darasin Faransanci shekara biyu a jami'a.

Yarinyar ɗiyar yayana ce. Lauya muke ce mata, don tun tana tatata ba a kayar da ita a gardama. Yaya kafinta ne, shagonsa na manne da ƙofar gidanmu, kuma tunda bai yi nisa a boko ba, ni yake miƙo wa katin. "Ke ce mai idon karatu," in ji shi. Ni kuwa in sa hannu a tsaye, ina saurin tafiya ɗakin gwaji na asibitin da nake aiki.

Wata Asabar da la'asar takarda ta iso. Lauya ta ci jarrabawar shiga wata sakandare mai koyarwa da harsuna biyu, wadda ke ɗaukar yara talatin kyauta kowace shekara. Abin da ya rage ganawar baki da baki, rabinta da Faransanci, nan da kwana goma sha tara. Yaya ya ajiye abin fera katako, ya karkaɗe hannu, ya kira mai facin taya da ke gefenmu ya zo ya ji.

"Lauya, zo ki yi wa gwaggonki yaren nan. Ku saurara, jama'a. Casa'in da biyu ta ci."

Ta tsaya tsakanin ƙofofi biyu da ba a gama ba, ta goya hannu a baya, ta ɗaga haɓa, ta fara rerawa kamar ana karatun haddar waƙa. Da ƙyar na gane harshen, don lafazin ya goge kamar tsohon kwabo. Amma na tsinci abin da take cewa. Ta faɗi sunanta daidai. Ta ce shekarunta goma, alhali sha biyu ne. Ta ce ubanta likita ne. Ta ce tana da farin kare, gidansu bene ne mai lambu.

Yaya yana ta tafa hannu, garin katako fal gemunsa. "Me ta ce, me ta ce?"

"Ta gaishe ku ne," na ce. Ƙarya ta farko da na yi masa ke nan a kan wannan magana.

Zuciyata ta fara zargin yarinyar. Na ja ta ɗaki, na turo ƙofa.

"Lauya, kunyar ubanki kike ji?"

"Kunyar Baba? A kan me?"

"Me kika faɗa bayan shekarunki?"

"Amsa ta uku."

"Na ji amsa ta uku ce. Me take nufi?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta nauyin iska. "Musye, malaminmu na Faransanci, ya ce ma'ana sai an je sakandare. Mu namu mu iya faɗa."

Na tambaye ta da Faransanci, a hankali, ina gidansu yake. Ta shiga motsa yatsu a bayan siket.

"Gwaggo, ai ba daga nan ake farawa ba. Ki fara daga ta ɗaya."

Na leƙa waje na kira ɗiyar mai facin da wani ɗan direba, duk 'yan makarantarsu, na ce su yi mini nasu. Ubanninsu likitoci. Kowa da farin karensa, kowa da benensa. Titinmu ashe likitoci ne gida-gida, amma in ciwon kai ya kama ka sai ka hau mota kafin ka sami mai duba ka.

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar Litinin na nemi izinin awa biyu a wurin aiki, na tafi makarantar ba tare da na gaya wa kowa ba. A bangon gaba an zana da fenti babba: MUNA KOYAR DA FARANSANCI DAGA AJI HUƊU. Ban bi ta ofis ba. Na zaga bayan ginin, na tsaya gefen tagar aji shida, inda gilashi ɗaya ya fita.

Allon ajin kashi biyu ne. Na dama an sha goge shi har ya yi fari. Na hagu kuwa cike yake da tambayoyi ashirin da amsoshinsu, an kewaye su da jan alli, an rubuta a sama: KADA A GOGE. Rubutun ya yi kauri, kana gani ka san an sha bin sawunsa da alli sau da yawa. Kwanan wata kaɗai ne sabo.

Musye dogo ne, siriri, mai furfura a gefen kai, rigarsa a goge. Rula ce a hannunsa. Ya nuna layi ya ce, "Ta ɗaya!" Yara arba'in suka amsa da murya ɗaya. "Ta biyu!" Suka amsa. Na tsaya minti ashirin ina kirgawa, ban ji kalma ɗaya ta Faransanci daga bakinsa ba. Lamba kawai yake kira, da Hausa. A ta goma sha ɗaya idonsa ya faɗa cikin nawa. Rular ta tsaya a iska.

Da aka kaɗa ƙararrawa na tare shi a bakin ƙofa. Na gaishe shi da Faransanci, na tambaye shi yaya aiki. Tambayar da ɗan sati biyu a darasi zai amsa ce. Ya dubi takalmina, ya dubi jakata, kamar mai neman inda na ɓoye na'urar ɗaukar magana.

"Malama, daga ina?"

Na sake maimaita tambayar da Faransanci, da gangan.

"In magana ce da ke, ofis na can," ya ce, ya wuce da sauri har alli ya faɗo daga aljihunsa.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na yanke hukunci a take: ɗan damfara ne, da takardar bogi ya shigo, ko kuma ɗan uwan wani ne. Na nufi ofis ina huci.

Hedimasta ya tarbe ni da murmushi har kunne, ya sa aka kawo mini kujera. Da ya ji abin da ke tafe da ni, murmushin ya tsaya a fuskar amma ya fita daga idon.

"Ke 'yar jarida ce?"

"Gwaggon ɗaliba ce."

"Wa ya turo ki? Mutanen makarantar ƙetaren titi? Don mun san su, bara ma sun aiko wata da sunan neman gurbi."

"Ba wanda ya turo ni. Yallaɓai, malaminku na Faransanci yana jin Faransanci?"

Ya jawo wani fayil, ya buɗe mini shafin sakamako. "Duba nan. Ba yaron da ya ci ƙasa da saba'in. Shekara shida ba uba ɗaya da ya kawo ƙara. Sai ke, rana ɗaya, ta taga."

"Yara arba'in suna cewa ubansu likita ne."

"To addu'a ce, Allah ya amsa." Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya ɗaga wata takarda daga kan tebur, ya dube ta, ya mayar. "Wace yarinya ma kika ce? Au, mai zuwa ganawar nan. Takardar shaidarta ce wannan, sai na sa hannu za su karɓe ta. Ina nan ina dubawa. Kin san ba ma gaggawa a kan yaran da gidansu ke da ƙorafi."

Na fito. A farfajiya na hango Musye tsaye bakin ɗakin malamai yana bina da ido. Na ce a raina, kifi na ganinka, mai jar koma.

Washegari da yamma, ina dawowa daga aiki, na tarar da Musye a shagon Yaya. Ya zo da wata kujera mai karyayyar ƙafa, wai gyara. Yaya har ya ba shi benci, yana ta zuba masa godiya a kan casa'in da biyu. Na tsaya a bakin ƙofa. Na tabbata roƙo ya kawo shi, ko ya zo ya shiga tsakanina da yayana tun kafin in buɗe baki.

"Kujerar makaranta ba ta da kafinta sai namu?" na ce.

"Kujerar nan hanya ce kawai ta zuwa, Malama. Wurinki na zo."

Ya ciro ambulan daga cikin riga. Na ce, "In abin da nake zato ne, mayar da shi."

"Buɗe dai."

Wasiƙu ne guda shida, kwafin hannu, kowace da shekararta. Duk zuwa ga Hedimasta, duk magana ɗaya: ni malamin lissafi ne, ban iya Faransanci ba, ina roƙo a nemo wanda ya iya.

"Akwai wata Madam da ke koyarwa," ya ce. "Ta iya ƙwarai. Ta tafi a tsakiyar zango, ta bar darasin ranar a kan allo. Misali ne ta rubuta, don kowane yaro ya cire ya sa nasa. Hedimasta ya ce in riƙe ajin sati biyu kafin a sami wata. Sati biyun ke nan har yau."

"Lafazin fa? Wa ke koya musu, tunda kai ba ka buɗe baki?"

"Yaran da suka ji daga bakinta su suka koya wa na bayansu. Duk farkon shekara ina aro 'yan aji shida su rera wa 'yan aji huɗu. Su ma in sun girma su rera wa na ƙasa. Ni nawa bin rubutun da alli, kada ya dushe."

"Ka san abin da ke cikin amsa ta uku?"

"Na sani. Tun shekarar farko na duba a waya."

"Ka sani, ka bar su?"

"Malama, yara arba'in, uba arba'in, sana'a arba'in. Ni amsa ɗaya gare ni. In yaro ya rubuta wani abu daban, da me zan gwada in ce daidai ne? Wanda ya kwafe allo tsaf shi nake ba maki. Ban ce na kyauta ba."

"Da ka fito ka gaya wa iyaye!"

Sai ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko.

"Sau uku ina tashi a taron iyaye. Kin san yadda ake tsara shi. A fara da jawabin Hedimasta, a yi maganar yunifom, a yi ta katanga, a yi ta masu sayar da alawa a bakin ƙofa. Ni kullum ana sa ni a ƙarshe, cikin sauran batutuwa. Kafin a kai nan rana ta yi zafi, kowa ya fara kaɗe riga. Bara kina nan. Layi na biyu, gefen taga, da jan mayafi. Ina miƙewa kina rataya jaka. Na ce, jama'a, minti biyu. Mutum huɗu suka rage, biyu a cikinsu barci suke."

Na tuna ranar. Na tuna har saƙon da nake amsawa a waya lokacin da nake fita.

Yaya, wanda tun ɗazu ya daina aiki, ya ce, "Ku tsaya. Mece ce amsa ta ukun nan da kuke ta faɗa?"

Ba yadda zan yi, na gaya masa. Ya yi dariya har da buga cinya. "Likita! To ai ba ta yi ƙarya ba, ga shi ina yi wa kujera ɗori." Dariyar ta mutu a hankali. Ya ɗauki ƙafar kujerar yana juyawa. "Ranar nan da na tara mutane, abin da ta ce ke nan?"

"Shi ne, Yaya."

"Kika ce gaisuwa ce." Bai ɗaga murya ba. Can ya ce, "Yaya ake cewa kafinta da yaren?"

Na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu, bai yi daidai ba ko sau ɗaya.

Ni so na yi in kwashi wasiƙun nan in kai duk inda za a ji. Yaya ya riƙe hannuna. "Don Allah, ƙanwata, a bar kaza cikin gashinta har Hedimastan nan ya sa hannu. Yarinyar ce a gaba." Na haɗiye. Har na koma ofis na ce wa Hedimasta rashin fahimta ne. Ya sa hannu yana cewa ai dama ya san ni mai hankali ce. Ban taɓa jin ƙyamar bakina kamar ranar ba.

Kwana goma sha shida suka rage. Kullum in na taso aiki sai mu share teburin Yaya, mu zauna. Faransancina na jami'a ya yi tsatsa, ina koya mata ina leƙa waya. Musye yakan zo da ƙaramin littafi, ya zauna a ƙarshen benci yana rubutu kamar ɗalibi, Lauya na tsokanarsa, "Musye, ta nawa muke?" Yarinyar na da kai, amma cire abin da aka dasa shekara uku ya fi dasa sabo wuya. Da ta ji tambaya sai yatsunta su fara kirgawa a bayan siket, bakinta ya kama hanyar da ya saba. In ce, "Tsaya, me aka tambaye ki?" Ta ce, "Gwaggo, bakin ne ke tafiya da kansa."

Ranar ganawa muka zauna a wani dogon baranda, iyaye da yara a kan benci. Na kasa kunne ina jin wasu yaran suna hira da Faransanci a tsakaninsu, suna dariya. Yaya ya sa rigarsa mafi kyau, yana ta murza hula. Aka kira Lauya. Minti bakwai ta yi.

Ta fito ba ta kuka. Ta zauna tsakaninmu.

"Sun tambaye ni aikin Baba."

"Kika ce?"

"Na ce kafinta ne." Ta dubi uban. "Da yaren na faɗa, Baba. Matar da ke tambayar ta gane."

"Sai me?"

"Sai ta tambaye ni wani abu. Ina jin cewa ta yi me yake ƙerawa. Na san ƙofa, Gwaggo, kin koya mini, amma ta gudu. Suna ta kallona. Sai kawai na ji bakina ya ce ina da farin kare."

"Suka ce me?"

"Matar ta yi murmushi, ta ce yaya sunansa."

Daga nan ne ta kifa kai a cinyar ubanta.

Bayan sati biyu aka liƙa sunaye talatin. Na bi su sau uku da yatsa, babu sunanta. Magatakardan makarantar ya tausaya mana ya duba takardarta: a lissafi ita ce ta biyu cikin duk waɗanda suka zauna, a ganawar Faransanci ta sami huɗu cikin ashirin. Lissafin nan Musye ne ya koya mata, a rabin allon da ake gogewa.

Da aka koma sabon zango, Musye ya shiga aji shida da jiƙaƙƙen tsumma, ya wanke gefen hagu tas a gaban yara, ya je ya gaya wa Hedimasta ba zai ƙara riƙe rular nan ba. Na ɗauka magana ta ƙare. Shekaranjiya na bi ta bayan ginin na leƙa ta tagar. An sake rubuta tambayoyi ashirin ɗin, an kwafo su daga littafin wani ɗalibi, an kewaye da jan alli. Malamin wasanni ne riƙe da rula. Yana cewa, "Ta uku!" sababbin yara arba'in suka shaida masa cewa ubansu likita ne. Rubutun bangon gaba ma an sake masa fenti.

Lauya tana wata sakandare yanzu, mai tafiyar minti arba'in a ƙafa. Ba ta gardama kamar da. Yaya ya gyara kujerar nan, ya ƙi mayar da ita makaranta, ya ajiye wa Musye don in ya zo.

Na rubuta wannan ne don kai. Yau in yaronka ya dawo, kada ka tambaye shi nawa ya ci. Buɗe littafinsa na Faransanci, ka tsallake farko, ka sa yatsa a tsakiyar shafi, ka ce ya gaya maka da Hausa abin da layin ke nufi. Ba sai ka iya harshen ba, fuskarsa za ta gaya maka. In ya kasa, gobe ka je makarantar da ƙafarka, ka tsaya a taga, ka ji ko malamin na buɗe baki. In an kira taron iyaye, ka ɗaga hannu tun kafin jawabin Hedimasta, ka ce a fara da sauran batutuwa. Ka kashe wayarka. Kada ka tashi daga kujerar nan sai mai magana na ƙarshe ya zauna.